Waken Kwalba Ta Biyu

Gara in fara da laifina. Ni na ƙirƙiro Malam Sanda. Babu wani malami mai wannan suna da ya taɓa koyarwa a makarantarmu, balle ya mutu a ɗakin gwajin kimiyya. Wata farar riga ce kawai, irin ta likitoci, take rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakin. Ta daɗe har ta koma ruwan ƙasa, ba kuma wanda ya san mai ita. Wata rana 'yan aji ɗaya suka tambaye ni ta wane ne, ni kuwa bakina bai iya cewa ban sani ba. Na ce ta Malam Sanda ce, wanda ya sha wani ruwa a kwalba bisa kuskure ya narke tas, rigar kaɗai ta rage. Na ƙara da cewa har gobe yana zagayowa duba aikin ɗalibai. Suka watse da gudu, na yi dariya har da riƙe ciki. Sati bai zagayo ba labarin ya dawo mini daga bakin mai awarar bakin get, har an yi wa Malam Sanda gemu da ɗingishi.

Azumin bana ne ya tuno mini. Jiya da rana ina kwance a siminti ina lissafin awa nawa ya rage a sha ruwa, gidan ya yi tsit, sai na ji famfon tsakar gida yana ɗiga a bokiti. Tsigar jikina ta tashi. Na miƙe na je na murɗe shi da hannu biyu, Umma tana kallona kamar na zare.

Shekara uku ke nan, amma in na tuna sai in ji kamar a zamanin kakanni aka yi. Bana muna cikin gata. An haƙa bohol mai sola a bakin layinmu a Unguwar Dosa, azumin ma ya matso baya, zafi bai gama nuna ba. Waccan shekarar kuwa, ina aji uku na ƙaramar sakandare, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Tun bakwai na safe rana take fitowa da fushinta. Kwalta tana kama takalmi. Ƙadangaru ma sun daina gyaɗa kai, sai dai su buɗe baki su zuba maka ido. Famfo ya ɗauke tun kafin a ga wata, wuta kuwa sai ta leƙo ta ga muna nan da rai ta koma.

In an yi asuba ba komawa barci. Ni da ƙanwata Hanifa mu jera jarkoki huɗu a baro mu nufi gidan wani Alhaji mai rijiya a bayan masallaci, mu tarar da layi kamar a nan mutane suka yi sahur. Umma tana raba ruwan nan kamar magani. Jarka ɗaya ta girki, ɗaya ta sha da alwala, biyu na wankan mutum shida. Ruwan da aka wanke shinkafa shi zai wanke kwanuka, daga nan ya wuce gindin lemon Abba. Shi Abba in ya dawo daga ofis sai ya miƙe a ƙasa da jiƙaƙƙen tawul a ƙirji, ba mai jin muryarsa sai an kira magariba. Da la'asar a tura ni neman ƙanƙara. In zaga har Unguwar Sarki, in dawo da abin da bai kai sabulun wanka ba, Umma ta karɓa ta jefa a kunun tsamiya ya ɓace kafin ta juya ludayi.

A wannan zangon aka kawo mana Malama Rifkatu, gajeriya mai saurin tafiya, 'yar kudancin jiha. Ita ta matsa wa Firinsifal har ya buɗe ɗakin gwajin, wanda ya yi shekaru a kulle. Mu muka share shi, muka kwashe kashin ɓera da gidajen zanzaro. Ɗaki ne dogo mai duhu a can ƙarshen makaranta, tagoginsa da ƙarafa, da wasu famfuna a kan tebura waɗanda tsatsa ta liƙe wa baki. A nan muka tarar da rigar nan, Malama ta ce a bar ta inda take, tunda ba tata ba ce.

Dokar makaranta ita ce ba a Hausa a aji. Wanda aka kama zai share filin asembili. Malama takan yi bayani da Turanci daga farko har ƙarshe, mu yi ta gyaɗa kai. Sai ta kalle mu ta ce, "Kun gane?" Mu ce mun gane. Sai ta je ta tura ƙofa, ta rage murya ta ce, "Ƙarya kuke. To ku saurara." Ta maimaita da Hausa, a nan ne kai yake buɗewa. In ta gama ta ce, "Yanzu ku mayar mini da shi Turanci a littafi, don mai duba jarrabawa ba ɗan unguwarku ba ne."

Ita ce za ta rubuta sunayen waɗanda za su shiga ajin kimiyya a babbar sakandare. Abba ya riga ya gama gaya wa mutanen ofis ɗinsu cewa injiniya yake raino. Ni ma, in faɗi gaskiya, karo na farko ke nan da na so wani abu a makaranta bayan ƙararrawar tashi. Har makullin ɗakin ta damƙa mini, wai ta ga ƙafata ba ta zama, gara ta ba ta wurin zuwa.

Gwajin da ta kawo mai sauƙi ne: me iri yake bukata kafin ya tsiro? Kwalba uku masu faɗin baki, kowace da auduga da wake biyar. Ta ɗaya an jiƙa audugar. Ta biyu a bushe ƙamas. Ta uku an nutsar da waken a tafasasshen ruwan da ya huce, an zuba man gyaɗa a sama don kada iska ta shiga. Ruwan ma karo-karo muka yi, kowa ya sato cikin murfin jarka ɗaya daga gida. Ta jera kwalaben a kantar da ke jikin bangon baya, inda wani tun da can ya zana da'ira uku da jan fenti, ya rubuta lamba a ciki.

"Ta ɗaya ce kawai za ta tsiro," in ji Malama. "Ta biyu ko shekara za ta yi, wake zai zauna wake."

Rana ta huɗu na buɗe ƙofa, aji ya biyo ni. Ta ɗaya ta tsiro. Ta uku shiru. Ta biyu kuwa wake uku sun tsage, kowanne ya miƙo farin ɗan yatsa yana laluben gilashi. Malama ta sa hannu ta taɓa audugar. A jiƙe take, kuma ta yi wani ja-ja kamar an goge ciwo da ita. Kantar a bushe, ƙasa a bushe.

Wata yarinya a baya ta ce, "Malam Sanda."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma ido arba'in a kaina, sai na gyara kwala na ce, "Ai na faɗa muku yana zagayowa."

Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta miƙo tafin hannu ta ce, "Nazifi, makulli."

Ta sake sabon gwaji. Sabuwar kwalba, audugar da ta shanya a rana da kanta, wake daga wani kwano daban. Ita take kullewa, ita take buɗewa. Bayan kwana huɗu muka shiga, sai ga waken kwalba ta biyu ya tsiro, wannan karon duka biyar ɗin. Ba wanda ya yi dariya. Ana jin kukan wata kurciya daga can bayan katanga. 'Yan mata suka ja da baya har bakin ƙofa, suna kaffa-kaffa kada kafaɗarsu ta taɓa rigar.

Kashegari uwar wata yarinya ta zo har ofis, wai 'yarta ba za ta sake shiga ɗakin aljanu ba. Firinsifal ya sa aka kira ni. Mutum ne mai ƙiba, azumi yana ba shi wuya, yana fifita da fayil.

"Kai ne mai Malam Sanda?"

"Ranka ya daɗe, wasa ne."

"Wasa. Makullin da ka yanka a kasuwa shi ma wasa ne?"

"Wallahi ban yanka makulli ba."

"Ka rufe mini baki, da azumi a bakinka kana rantsuwa. Malama za ta sake na uku. In waken nan ya kuma tsirowa, ka manta da ajin kimiyya. Da hannuna zan soke sunanka."

Na dubi Malama ko za ta ce wani abu. Tagar take kallo.

A gida ban faɗa ba, Hanifa ce ta yi mini wannan aikin tun kafin in cire takalmi. Umma tana jefa ƙosai a mai ta ce, "Bakin nan naka, Nazifi. Tun kana goye nake jin tsoronsa." Da aka sha ruwa Abba ya ci dabino, ya kurɓi kunu, ya tashi ya tafi masallaci bai ce in biyo shi ba. Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na fara tsoro. Na san ban zuba ruwa ba. Na san kuma ni na haɗa Malam Sanda da bakina. To wa yake zubawa? Sai na riƙa tunanin ko dama akwai wani abu a ɗakin, yana zaune shiru shekara da shekaru ba shi da suna, ni kuma na zo na raɗa masa.

Abokina Yohanna shi kaɗai ya yarda da ni. Tare muke zama tun aji ɗaya. Ba ya azumi, amma duk watan ban taɓa ganin ya sha ruwa a gabana ba, sai ya zaga bayan aji ya dawo yana goge baki kamar ɓarawo.

Na ce masa, "Mutumina, za mu yi gadi."

"Mu? Ni da wa?"

"Ana tashi sha biyu saboda azumi. Mu ɓuya a ciki, Malama ta kulle. In mun ga mai zubawa sai mu fita ta ƙofar baya, ai sakata ce ta ciki."

"In kuma Malam Sandan ne fa?"

"Ni na ƙirƙiro shi, Yohanna."

"To ai shi ya sa zai fara da kai."

Ran Laraba darasin kimiyya ne na ƙarshe. Malama ta jera kwalabe na uku a da'irorinsu. Ana ta fita muka sulale ƙarƙashin teburin ƙarshe. Muka ji ta rufe tagogi, ta ja ƙofa, kwaɗo ya ce ƙaras. Hayaniyar yara ta yi ta nisa har ta ƙare.

Ban taɓa sanin makaranta tana da irin wannan shirun ba. Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu-duhu, sai zaren haske da yake shigowa ta tsagar taga. Zafi yana saukowa daga sama kamar an kifa mana tukunya. Harshena ya zama soso. Gumi ya gama fita, jikina ya koma yin wani sanyi-sanyi. Aka kira azahar daga nesa, muryar ladan tana zuwa tana yankewa. Ba mai shigowa. Kwalba ta biyu tana zaune a bushe, rigar tana rataye, hannuwanta a sake.

Yohanna ya fara gyangyaɗi. Agogon hannunsa ya nuna biyu saura.

Sai muka ji ƙas.

Daga sama ne, cikin silin. Kamar an ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙashin yatsa. Yohanna ya buɗe ido. Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Sannan wani dogon nishi, irin na tsoho in zai miƙe daga tabarma, ya taso daga wannan kusurwa ya tafi waccan, ya tsaya daidai saman kantar.

Na kafa wa kwalbar ido. Wani abu ya gilma ta cikin zaren hasken nan, ya faɗa cikinta. Ba ƙara. Audugar ta yi ɗigon ja. Can sai wani. Ba hannu, ba buta, ba kowa. Ruwa yana saukowa daga inda babu ruwa, a garin da muke layi tun asuba kan jarka huɗu, yana faɗawa cikin kwalba ɗaya tak kamar an auna. Abin kunyar shi ne, duk da tsoron, sai da maƙogwarona ya motsa.

Wata iska mai zafi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Rigar ta ɗaga hannu ɗaya.

Yohanna ya ce, "Yesu!" Ni na kama Ayatul Kursiyyu daga tsakiya, na haɗa ta da addu'ar shiga bayi. Ban san wanda ya zare sakatar ba. Na dai san mun tsallake katangar da ko a wasan motsa jiki ban taɓa iya hawa ba, kuma sai a bakin titi na lura takalmina ƙafa ɗaya ne.

Da safe aka tarar da ƙofar baya a buɗe, auduga a jiƙe, takalmina a ƙarƙashin tebur. Ko alƙali ne ubana ba zai sake ni ba. Firinsifal ya ɗauko takardar sunaye a gabana, ya ja layi a kan nawa, ya ce in kawo Abba ran Litinin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga sama ruwan yake zubowa. Mun gani."

"Daga sama. A bazara. Malam Sanda ne ya hau da buta?"

Malaman da ke ofis suka yi dariya. Yohanna ya ce shi ma ya gani, aka ce ai abokin tafiya ne. Muka fito.

A baranda Malama ta tsayar da mu. Ta dube ni ta yi magana da Hausa, a fili, ba ta ko rage murya ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Malama?"

"Ruwan. Ƙarfe nawa ya fara?"

Yohanna ya ce, "Biyu saura."

"Kafin ya fara, me kuka ji?"

Muka kwaikwaya mata. Ta ce, "Ɗigo nawa?" Na ce wajen dubu. Ta harare ni. Na ce biyu muka tsaya gani. Ta taɓa leɓe da biro. Can ta ce, "Na canza kwalba, na canza auduga, na canza wake, na canza mai makulli." Ba ta ƙarasa ba, ta juya ta koma ofis da saurin nan nata.

Ban san me ta gaya wa Firinsifal ba, amma ran nan da aka tashi mu huɗu muka zauna a ɗakin. Ta ɗauke kwalba ta biyu ta mayar kan tebur, ta ajiye farantin gilashi a cikin da'irar. Firinsifal yana kan kujera yana fifita, yana cewa in aka ɓata masa rana a banza zai haɗa har Yohanna. Ɗaya ta wuce. Ɗaya da rabi. Ni addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa ko aljani ne kada ya yi fashi yau.

Ƙas.

Fifitar ta tsaya. Ƙas, ƙas. Da nishin nan ya ratsa silin, na ga leɓen Firinsifal yana motsi, kuma na rantse ba Turanci yake yi ba. Ɗigo ya faɗo a faranti, ɗas. Malama ta bari suka taru kamar goma, ta ɗaga farantin ta shinshina, ta miƙa mini.

"Warin me ka ji?"

"Tsatsa, Malama."

"Aljani yana tsatsa?"

"Ban taɓa shinshina shi ba, Malama."

Ta kusa yin dariya, ta danne.

Kashegari aka kira kafinta ya kafa tsani ya ɓalle allon silin ɗaya. A jikin allon akwai wata 'yar huda, ƙusa ma sai ta yi da ƙyar. Ya zura kai da tocila, ya daɗe, sannan ya sauko a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Ya ce tsohon tankin ƙarfe ne a sama, wanda da can yake ba famfunan tebura ruwa. Murfinsa ya ruɓe, kwanon rufi kuma ya huje a samansa, duk damina ruwa yana taruwa a ciki. Malama ta yi mana sauran bayanin a allo, da Turanci sannan da Hausa: in rana ta gasa ƙarfe yana buɗewa, shi ne ƙarar da muke ji, sai tsagar da tsatsa ta ci ta saki ruwa. In ya huce ta rufe. Ta ce kuskuren nata ne, ta canza komai ba ta canza wuri ba, kuma mu rubuta haka a rahoto kada mu ɓoye mata.

Amma kafintan bai gama ba. Ya ce katakan da ke riƙe da tankin duk gara ta cinye, ya tura yatsa a ɗaya ya shige. Shi dai ko nawa za a ba shi ba zai bar ɗansa ya zauna a ƙarƙashin wannan abu ba. Firinsifal ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi kujerar da ya zauna a kai jiya, ya ce kowa ya fita.

Ran Litinin Abba bai zo ba, don an aika masa ba sai ya zo ba. Firinsifal ya sake rubuta sunana a ƙasan takardar, a matse, da wani biro daban. Na shiga ajin kimiyya. Ɗakin gwajin kuwa tun ranar aka sa masa kwaɗo, wai sai an sauke tankin an gyara rufi. Malama Rifkatu ta rubuta takarda ta sake rubutawa, bayan shekara guda aka yi mata canjin makaranta. Bana zan rubuta jarrabawar fita, har yau ba a buɗe ɗakin ba, kuma gwajin waken nan shi ne na ƙarshe da na yi da hannuna.